Gishiri a Bakin Kofi

Kawu Barma ba ya sayen lemun tsami da yamma.
Ya ce na yamma ya sha rana,
ruwansa ya shige ciki kamar mai fushi.
Da sassafe yake tsayawa bakin Kasuwar Dole
ya jira motar Miriya ta sauke kwanduna,
ya ɗauki ɗaya ya auna a tafin hannu,
mai nauyi, mai siririyar fata,
ya karce da farce, ya kai hanci, ya rufe ido.
Gonda mai lambu ya ce,
"Tsoho, lemo kake saya ko raƙumi kake tayawa?"

Shekara goma sha tara ya yi a bayan kanta
a wani otel da yanzu siminti ake ajiyewa a ciki.
Can wani nasara mai haƙar rijiyoyi
ya zaro kwalba daga cikin safa,
wai tekila, wai daga Meksiko,
daga wani tsiro mai kama da kabar giwa.
Ya nuna masa awo: biyu na wannan,
ɗaya na lemo, ɗaya na mai ƙamshin ɓawon lemun zaƙi,
ƙanƙara, girgiza,
sai gishiri a bakin kofi.

Kawu bai taɓa kai ta baki ba.
Da hanci ya yi aikin, da kunne.
Ya ce ƙanƙara tana sake murya in haɗi ya kai.
Sauran kuma a girar mai sha yake karantawa.

Yanzu ga mu a tsakar gida a Zango,
duwatsu suna mayar da zafin da suka ranta tun hantsi.
Babu kwalbar, ba ya kuma nemanta.
Citta ce ta gaji kujerarta,
ɗanya, wadda in ka karya take kuka da ruwa.
Zuma cokali ɗaya, ba ta kwalbar bakin tasha ba,
ya ce waccan sukari ce ta ari riga.
Gishirin kuwa beza ne na Balma,
shi yake daka shi da kansa,
na leda ya ce bai san hanya ba, bai taɓa kwana a Tenere ba.

Kwana biyu Nijelek ba ta leƙo mu ba.
Cima ta zaga har Sabon Gari
ta dawo da guntun ƙanƙara naɗe a zane,
na dala ashirin, rabi ya tsiyaye a kan sawunta.

Hannunsa na rawa, don haka ni na yanka.
"Mirgina shi tukuna. Lallashe shi.
Kada ka matse har ɓawo ya yi magana,
in ɓawo ya yi magana, ɗaci zai faɗa."
Na shafa lemo a bakin kofi,
na kife shi a kan faranti,
ya tashi da farin rawani. 
Na zuba komai a tsohon gwangwanin madara mai murfi,
na girgiza. Ya karkato kunne.
"Ƙara. Ƙara. To, tsaya nan."

Hancin ya bar shi tun bara,
bai gaya wa kowa ba,
har Gonda bai sani ba.

Na kurɓa. Gishiri ya fara sallama,
tsami ya biyo, citta ta tsaya a maƙogwaro tana hura wuta,
can ƙarshe wani ɗan ɗaci ya ɗago kai.

"Ya yi?"
Na ce ya yi, Kawu.

Ya dubi girata, ya daɗe.
Sannan ya laluba kwando,
ya miƙo mini wani lemon,
ya ce da Cima ta rufe sauran ƙanƙarar da kyau.